Kare da Muryar Ɗan'adam: Tsokaci Daga Unguwar Abakwa, Kaduna

1.0 Gabatarwa

Na tabbata akwai waɗanda suka yi mamaki da suka ga sunan kare a jerin takardun da za a gabatar. Ba su yi laifi ba, domin Bahaushe bai ɗauki kare a bakin kome ba. In ya tashi zagi da sunansa yake yi. Yaron da ke bin direba karen mota ne, matashin da ɗan siyasa ya ɗauka don ya yi masa ta'asa karen farauta ne, wanda kuwa ya zauna inda ba shi da amfani sai a ce yana zaman kare a karofi. Amma duk da wannan raini, cikin dabbobin da muke zaune da su babu wadda take kasa kunne ga maganarmu, tana kuma duban fuskokinmu, kamar kare. Saboda haka mai nazarin harshe yana da abin koyo a wurinsa, domin shi mai sauraro ne wanda bai san nahawu ba, amma kullum yana fitar da ma'ana daga abin da muka furta.

Tambayar da wannan takarda ta sa a gaba ita ce: in mutum ya yi wa kare magana, mene ne karen yake ji? Amsar da zan yi ƙoƙarin kafawa ita ce, kare yana auna abubuwa uku a lokaci guda, watau kalmar da aka faɗa, da muryar da aka faɗe ta da ita, da kuma abin da jikin mai maganar yake yi. In suka dace da juna ya bi. In suka saɓa, kalmar ce yake fara jefarwa. Zan kafa hujja da binciken da masana halayyar dabbobi suka yi a ƙasashen waje, sa'an nan in gwada shi da abin da na daɗe ina gani a unguwar Abakwa inda nake zaune. A tsakiyar takardar zan ɗan daɗe a kan wata matsala da ta shafi Hausa kanta, da yake harshe ne mai karin sauti.

2.0 Abakwa da Karnukanta

Abakwa, wadda ake rubutawa Abakpa a takardun hukuma, tana arewacin kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa. Maƙwabciyar Unguwar Shanu ce, kuma ba ta da nisa da tsohon mazaunin Makarantar Horon Hafsoshin Soja wadda aka kafa a 1964. Kamar sauran tsofaffin unguwannin wannan gari da ya zama hedkwatar Arewa a 1917, mutanenta daga ko'ina suka taru. Mutum yana iya zama teburin mai shayi ya ji Hausa da Turanci da Buroka da Yarbanci da Ibo da harsunan kudancin Kaduna kafin ya shanye kofinsa. Karnukan unguwar su ma duk waɗannan harsuna ne suke shiga kunnuwansu tun suna 'yan kwikwiyo.

Akwai karnukan gadi na manyan gidaje, waɗanda suke wuni a ɗaure, sai da dare a sake su. Akwai na cikin lunguna, waɗanda suna da masu su amma a bola suke neman rabin abincinsu, su ne kuma mafi yawa. Na mafarauta kuwa sai da rani aka fi ganinsu, ana loda su a bayan mota za a tafi dawa.

Abin da ya fara jawo hankalina ga wannan batu ƙaramin al'amari ne. Wani maƙwabcina, tsohon soja, yana da kare da ya hora da Turanci, irin umurnin fareti, gajere mai tsawa. Matarsa ba ta taɓa yi wa karen Turanci ba, da Hausa take korarsa daga wurin wanke-wanke, kuma yana tashi. Ran nan sai ɗansu, yaro ɗan shekara shida, ya tsaya gaban karen yana ta maimaita kalmar da ubansa yake faɗa in yana so karen ya zauna, yana yi yana dariya yana tsalle. Karen bai zauna ba, sai ma ya ɗora masa ƙafafu a ƙirji ya kayar da shi. Uban ya ce karen ya raina yaron ne. Ni kuwa a ganina karen biyayya ya yi, sai dai siririyar muryar yaron da tsallensa ya bi, waɗanda duka biyu kiran wasa ne, ya bar kalmar.

3.0 Murya Biyu: Ta Aikawa da ta Tsayarwa

Tun kafin masana na zamani su shigo da na'urorinsu, malaman fiƙihu sun riga sun lura da wannan al'amari, domin hukunci ya rataya a kansa. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta mai horo ta kama, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta babin da ya yi wannan magana. To, da me ake gane kare mai horo? Ma'aunin da malamai suka kafa shi ne, in an aika shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Watau horon kare a wurinsu shi ne ya iya rarrabe murya biyu, ya kuma bi kowace.

Waɗannan muryoyi biyu suna da siffa, kuma siffar ba ta wani harshe ɗaya ba ce. A 1977 wani masani Ba'amurke, Eugene Morton, ya kwatanta kukan tsuntsaye da na dabbobi masu shayarwa, ya nuna cewa dabbar da take barazana ƙasa take yi da murya, ta sa mata kaushi, wadda kuwa take tsoro ko neman sulhu sama take yi da ita, ta sirance ta. Dalilin a fili yake: babban jiki shi ne mai babbar murya, saboda haka mai son ya ba da tsoro sai ya kwaikwayi babba, mai neman tausayi ya kwaikwayi ƙarami. Gurnanin kare da kukan kwikwiyo su ne misalan da kowa ya sani. Ashe ke nan in magidanci ya kausasa murya ya daka wa kare tsawa, da harshen da karen ya gada yake yi masa magana.

Patricia McConnell ta Jami'ar Wisconsin ta ɗauki maganar daga nan. Ta naɗi muryoyin masu aiki da dabbobi fiye da ɗari, masu magana da harsuna 16, daga mahaya dawaki zuwa makiyaya masu karnuka. Abin da ta samu shi ne, in suna so dabba ta ƙara sauri, gajerun sautuka suke yi a jere da hanzari, in kuwa suna so ta lafa, sauti ɗaya suke ja mai tsawo. A 1990 ta buga sakamakon gwajin da ta yi da 'yan kwikwiyo, inda ta nuna gajerun sautuka huɗu masu hawa sun fi kiran kwikwiyo ya taho a kan dogon sauti ɗaya mai sauka. Wanda ya taɓa bin mafarauta ba zai ga wannan baƙon abu ba. In zomo ya tashi, mafarauci ba ya tsayawa tsara jimla, sai dai ka ji "kama, kama, kama!" da fito a kai a kai, ga tafi, ga gudu. Haka ake cuna kare. In kuwa karnuka sun taru a kan nama yana so ya raba su, sai ya ja "kaaai" guda ɗaya daga cikin ƙirji.

Sirantar murya da mutane suke yi in suna wasa da kwikwiyo, irin wadda uwa take yi wa jariri, ita ma an gwada ta. Binciken da Nicolas Mathevon da abokan aikinsa suka buga a 2017 ya nuna 'yan kwikwiyo suna zabura ƙwarai in suka ji irin wannan murya daga lasifika, amma manyan karnuka ba su cika kulawa ba. Babban kare ya riga ya koyi tambayar wane ne mai maganar.

3.1 Abin da Aka Gani a Ƙwaƙwalwa

Kada a fahimce ni da cewa kare ba ya jin kalma. Yana ji. A 2004 Juliane Kaminski da abokan aikinta a birnin Leipzig na Jamus sun ba da labarin wani kare mai suna Rico, irin karnukan nan na kiwon tumaki, wanda ya san sunayen abubuwa fiye da 200. A 2011 kuma John Pilley da Alliston Reid a Amurka suka buga labarin wata karya, Chaser, wadda ta riƙe sunaye 1,022. An yi waɗannan gwaje-gwaje da taka-tsantsan, an raba mai ba da umurni da wurin da kayan suke, don kada a maimaita abin da ya faru a Balin a 1904. A wancan lokaci an yi wani doki mai suna Hans wanda aka ce ya iya lissafi, yana buga kofato daidai da amsa, sai a 1907 Oskar Pfungst ya gano cewa ɗan motsin kan mai tambayar dokin yake kallo, in ya ga ya saki jiki sai ya daina bugawa. Amma Rico da Chaser zakaru ne cikin dubu. Karen Abakwa kalmominsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, sunansa da 'yan umurni kaɗan.

Yadda kalma da murya suke haɗuwa a kan kare, a Jami'ar Eötvös Loránd ta birnin Budapest, ƙasar Hangari, aka fi bin diddiginsa. A can Attila Andics da abokan aikinsa suka hora karnuka su kwanta ba motsi cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ba tare da an ɗaure su ko an yi musu allurar barci ba. A 2014 sun gwada karnuka 11 da mutane 22, suka ga cewa kare ma yana da sashen ƙwaƙwalwa mai kula da murya, kuma wani yanki kusa da cibiyar jinsa yana ƙara motsi in muryar ta farin ciki ce, ko ta kare ce ko ta mutum. A 2016 suka buga wani gwajin a mujallar Science, da karnuka 13. Mai horon karnukan ta furta musu magana iri huɗu: kalmar yabo da muryar yabo, kalmar yabo da murya sakaka, kalmar da ba ruwan kare da ita (irin su "amma" da "duk da haka") da muryar yabo, sa'an nan irin wannan kalma da murya sakaka. Aka ga ƙwaƙwalwar tana sarrafa kalma daban, murya daban, amma sashen da yake motsawa in dabba ta sami lada bai tashi sosai ba sai inda kalmar yabo ta haɗu da muryar yabo. Yana da kyau in ambata cewa a rahoton farko an ce ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne yake kula da kalma kamar na mutum, jaridu kuma suka yi ta yayatawa, sai a 2017 masu binciken suka fito suka gyara, suka ce an juya hotunan ne, ɓangaren dama ne. Har yanzu ana cin karo da tsohuwar maganar a rubuce-rubuce, ɗalibanmu su kiyaye.

A wannan jami'a dai, a 2022, Laura Cuaya ta sa karnuka 18 suka saurari karatun wani littafi da harshen Hangari da kuma Sifaniyanci, aka ga ƙwaƙwalwarsu tana bambanta harshen da suka saba ji da baƙon harshe, kuma tsofaffin karnuka sun fi yin haka. Wannan ya shafe mu a Abakwa. Karen da ya tashi cikin harsuna biyar ba kalmominsu ya haddace ba, amma kunnensa ya san kiɗan kowanne.

4.0 Matsalar Hausa

Duk gwaje-gwajen da na ambata na kalma da murya da harsunan Turai aka yi su, irin su Turanci da Jamusanci da harshen Hangari. A waɗannan harsuna hawa da saukar murya ba sa canza ma'anar kalma, saboda haka mai magana yana da 'yancin ya ɗaga ta ko ya sauke ta yadda zuciyarsa ta so. Hausa ba haka take ba. Kowace gaɓa tana da karin sautinta, na sama ko na ƙasa ko mai faɗuwa, kamar yadda ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 suka nuna. Sunan dabbar da muke magana a kanta ma ya isa misali: "kare" dabba ƙasa-sama ne, "kare" na tsarewa kuwa sama-ƙasa ne, da dogon wasali a farko. Ke nan wani kaso na hawa da saukar muryar Bahaushe nahawu ya riga ya ƙwace shi.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne wajen umurni. A Hausa, in aka cire aikatau masu gaɓa ɗaya irin su "zo" da "ci", umurni yakan ɗauki karin ƙasa-sama, ko da kuwa aikatau ɗin ba haka yake ba a cikin jimla. A duba waɗannan:

(1) ya tashi (sama-ƙasa) — tashi! (ƙasa-sama)
(2) ya kama (sama-ƙasa) — kama! (ƙasa-sama)
(3) ya dawo (sama-sama) — dawo! (ƙasa-sama)
(4) ya tsaya (sama-ƙasa) — tsaya! (ƙasa-sama)
(5) ya zauna (sama-ƙasa) — zauna! (ƙasa-sama)
(6) ya bari (sama-ƙasa) — bari! (ƙasa-sama)

Misalai na (1) zuwa (3) umurni ne na motsi, kuma karinsu mai hawa ya dace da abin da McConnell ta samu: gajeren sauti mai hawa yana zaburar da kare. A nan nahawun Hausa yana taimakon mafarauci. Amma a misalai na (4) zuwa (6) so ake karen ya lafa, ga shi kuwa nahawu ya tilasta muryar ta hau. In Bahaushe ya ce "tsaya, tsaya, tsaya!" da sauri, ma'anar kalmar tana cewa a daina, siffar sautin kuwa daidai take da ta "kama, kama, kama!" Mutum ɗan'uwansa ba zai ruɗe ba, domin kalmar yake bi. Kare kuwa, wanda kalma ce mafi rauni cikin shaidunsa uku, yana iya ɗauka cuna shi ake yi. Na sha ganin haka a lungunmu: kare ya bi mai tallar koko, uwar gida ta fito tana jera "bari, bari, bari!" cikin firgita, karen kuma sai ƙara himma yake yi.

To, yaya waɗanda suka iya da kare suke fita daga wannan matsala? Abin da na lura shi ne ba sa taɓa karin kalmar, domin in suka taɓa shi ba Hausa suka yi ba. Sauran kayan murya suke sarrafawa. Na farko, sukan sauke muryar gaba ɗayanta, ta yadda karin saman ma a can ƙasa yake fitowa, domin karin sauti a Hausa gwargwado ne, ana auna gaɓa da maƙwabciyarta. Na biyu, sukan faɗi kalmar sau ɗaya tak, su ja wasalinta. Na uku, wanda shi ne ya fi yawa, sukan bar aikatau gaba ɗaya su koma ga kalmar motsin rai, musamman "kai", wadda karinta mai faɗuwa ne tun asali, gaɓa ɗaya ce, ana kuma iya jan ta yadda aka ga dama. A ganina ba banza ba "kai!" ta zama kalmar tsawatar wa dabba da yaro a ƙasar Hausa. Ita ce ta fi kusa da dogon sautin nan mai sauka.

Akwai kuma rausayar murya ta jimla. An san cewa a jimlar bayani muryar Bahaushe gangarowa take yi sannu a hankali daga farko zuwa ƙarshe, a jimlar tambaya kuwa gangarowar takan ragu, ƙarshen ya ɗaga. Kalmomin amsa-kama, irin su "fat" da "wuf", su kuma akan ɗaga su sama da sauran jimlar. Saboda haka hirar yau da kullum tana isa kunnen kare kamar ruwa mai gangara, ya yi kwanciyarsa, amma da zarar mai ba da labari ya ce "sai ya tashi wuf!" sai ka ga kunnuwan kare sun miƙe. Malaman da suke da ɗalibai masu neman abin rubuta kundi, ga fili nan: a naɗi "kama" da "tsaya" daga bakin mafarauta da matan gida, a auna tsawonsu da zurfinsu, a gwada su a kan karnukan da ba su san mai muryar ba. Na'urar naɗar magana da haƙuri kawai aikin yake bukata.

5.0 Ido da Hannu da Tsayuwar Jiki

Shaida ta uku ita ce jiki, kuma sau da yawa ita take rinjaye. A 2002 Brian Hare da abokan aikinsa sun kife ƙoƙuna biyu, abinci yana ƙarƙashin ɗaya, mutum ya nuna shi da yatsa ko ya dube shi. Karnuka sun fi birai masu kama da mutum gane wannan ishara, sun kuma fi kyarkecin Turai, wanda shi ne dangin kare na jeji mafi kusa. (Ina cewa "na Turai" ne domin kyarkecin da kakanninmu suka sani a dawa wata dabba ce daban.) A 2003 Ádám Miklósi ya ba karnuka da kyarketai da aka rena a hannu wani akwati mai abinci wanda ba ya buɗuwa. Kyarketan suka yi ta kokawa da shi, karnukan kuwa da suka gwada suka kasa sai suka waiwayo suna kallon fuskar mutum. A 2021 Emily Bray ta gwada 'yan kwikwiyo 375 'yan kimanin mako takwas, ta samu suna bin nunin yatsa tun a gwajin farko, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na bambancin da ke tsakaninsu gado ne. An kuma nuna tun 2003 cewa kare ya fi satar abincin da aka hana shi in mutum ya rufe ido ko ya juya baya. A Italiya, Biagio D'Aniello ya gwada karnukan ceton mutane a ruwa a 2016, aka ba su umurni da baki, hannu kuma yana nuna akasinsa, yawanci hannun suka bi.

Mai sauraro yana iya cewa waɗannan karnukan Turawa ne masu kwana a ɗaki, ina ruwansu da namu? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta daga Indiya ta fito, inda karnuka suke yawo a titi kamar namu. Anindita Bhadra da ɗalibanta a birnin Kolkata sun gwada karnukan titi. A 2017 sun samu 'yan kwikwiyo suna bin nunin yatsa ba gardama, manyan kuwa sai sun ga mutumin abin amincewa ne. A 2020 sun gwada manyan karnuka 160, kusan rabinsu suka ƙi matsowa sam, amma cikin waɗanda suka matso kimanin kashi 80 cikin ɗari sun bi nunin. Watau basirar tana nan, abin da zaman titi yake ragewa shi ne yarda.

Wannan shi ne hoton karen lungu a Abakwa. Isharar da ya fi ƙwarewa a kanta ita ce sunkuyawa. Mutum ya duƙa kamar zai ɗauki dutse, ko da a kan kwalta ne inda babu ko tsakuwa, kafin ya ɗago kare ya yi nisa. Ba wanda ya zauna ya koya masa, jifa ce ta koya masa. Ya san bambancin tafiyar mai wucewa da ta mai raɓe-raɓe, ya san ɗan garuwa da yake zuwa kullum, ya san baƙo. Wani abin dubawa kuma shi ne Bahaushe ba da yatsa kaɗai yake nuni ba, yakan yi da leɓe ko da haɓa, musamman in hannunsa yana riƙe da kaya, na kuma ga karen gida yana juyawa inda uwar gida ta turo baki.

6.0 Inda Rashin Fahimta Yake Jawo Ɓarna

Kuskure na farko a kan karen yake ƙarewa. Magidanci ya dawo ya tarar an ci kaza ko an yaga buhu, ya ɗaure fuska ya kira kare, karen ya taho yana rarrafe, kunnuwa a kwance, wutsiya a tsakanin ƙafafu, yana kau da ido. Sai a ce ai ga shi nan ya san abin da ya yi, a hau shi da duka. A 2009 Alexandra Horowitz ta gwada wannan a birnin New York da karnuka 14. Mai kare zai hana shi cin wani abu ya fita, a bayansa wani lokaci karen ya ci, wani lokaci a ɗauke abin, sa'an nan a gaya wa mai karen gaskiya ko akasinta. Abin da ya fito shi ne, wannan kama ta mai laifi faɗan da aka yi wa karen take bi, ko ya ci ko bai ci ba, har ma waɗanda ba su ci ba sun fi nuna ta in aka yi musu faɗa. Ashe ba amsa laifi yake yi ba, haƙuri yake bayarwa saboda muryar da ya ji da fuskar da ya gani. Dukan da ya biyo baya kuwa abin da yake koya masa shi ne dawowar maigida abin tsoro ce, kuma kare matsoraci ya fi saurin cizo.

Kuskure na biyu a kan yaranmu yake ƙarewa, shi ne kuma ya sa na ga wannan batu ya cancanci a kawo shi gaban malamai. Yaro in ya ga kare ya tsorata, abu uku yake yi: ya ƙwalla ƙara da siririyar murya a kai a kai, ya ɗaga hannuwa, ya ruga. In muka auna da abin da ya gabata, ya haɗa wa karen duk alamomin cunawa a wuri ɗaya, kamar yadda ɗan maƙwabcina ya yi cikin wasa. Almajirai da 'yan talla, waɗanda sana'arsu ta sa suna shiga ƙofar gidajen da ba su sani ba, su ne suka fi shiga wannan haɗari. Ƙananan yara kuma sukan ga kare ya bayyana haƙora su ɗauka dariya yake yi. Abin da ya kamata a koya musu tun daga firamare da makarantun allo ba shi da wuya: in kare ya taso, a tsaya cik, hannuwa a jiki, a ɗan juya gefe, kada a zura masa ido, in za a yi magana a yi ta sau ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, sa'an nan a ja da baya sannu. Kaɗa wutsiya ma ba kullum maraba ba ce. In wutsiyar ta miƙe sama ta ƙage, jikin ya sandare, to a yi hattara.

Sai dai duk wannan bayani yana da iyaka, iyakarsa kuwa ita ce mahaukacin kare. Ciwon haukan kare ƙwaƙwalwa yake kamawa, watau ainihin wurin da ake auna kalma da murya da fuska, saboda haka karen da ya kamu ba ya jin tsawa, ba ya jin rarrashi, yana iya cizon wanda ya rene shi. Alamar da mai kare zai fara gani sau da yawa ita ce canjin hali: kare mai amsa kira ya daina, ko mai gudun mutane ya riƙa kutsowa cikinsu, muryar haushinsa ma takan canza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Rigakafinsa kuwa yana kusa da mu: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana yin allurar rigakafin karnuka, ga kuma Tsangayar Likitancin Dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da asibitocin dabbobi na jiha. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ko da karen gidansu ne, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15, kada a tsaya neman gashin karen ko shafa wani abu, a kai shi asibiti a ranar domin a fara yi masa allura.